Yadda ake fesa jelkot a jikin jirgin faiba ya dawo kamar sabo

Duk mai zuwa bakin ruwa a Yawuri ya ga yadda jiragen faiba suka fara yawa a cikin kwale-kwalen katako na iyayenmu, kuma da yawansu hannu na biyu ne aka ɗauko daga kudu. Ka je ka shafa gefen ɗaya daga ciki, sai ka ga farin gari ya biyo tafin hannunka kamar alli, ƙasansa kuma duk ƙarzuna, wani wurin har zaren faibar ya leƙo. Ba mamaki, rana ce ke dukansa kullum, ana jan sa kan yashi safe da yamma, ga kututturan itatuwa da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, har yau suna nan ƙasan ruwa suna gogar cikin jirgi.

Wannan farin da ke bin hannunka shi ne jelkot, fatar jirgin kenan. Ƙarƙashinsa mat ne, wato tabarmar zaren faiba, da rezin, gam ɗin da ke jiƙa ta ya daskare, su ne ƙashi da tsoka. In fatar ta cinye ruwa ya fara ratsa zaren, jirgi sai ya yi nauyi, ya rinƙa shan mai fiye da da, ƙuraje su fito masa. Abin da mafi yawan mutanenmu ke yi shi ne su sayi fentin mai na gwangwani su shafe shi da buroshi, wata uku ya ɓare, kuma sun ƙara wa mai gyara wahala don sai an kankare fentin nan kaf kafin a yi aikin kirki. Ni fentin mota na fara koya kafin na dawo kan jirage, kuma abin da na fi so ka riƙe tun daga nan shi ne jelkot ba fenti ba ne, ba iska ke busar da shi ba, hadina ce, wani ruwa da ake ɗiga masa, ke dafa shi ya daskare, kuma daga lokacin da ka ɗiga hadinar nan agogo ya fara lissafa maka mintoci.

Kayan aiki tukuna. Jelkot ɗin kansa, da hadinarsa wadda ake rubutawa MEKP a jikin kwalba, da sitairin na tsinka shi, da ruwan kakin da ake zubawa a shafin ƙarshe, da asiton na wanki da goge maiƙo mai yawa, kada ka yi rowar asiton. Yawanci daga Legas ko Fatakwal ake aiko mana su, to ka tambayi mai sayarwa yaushe aka yi jelkot ɗin, domin in ya wuce wata shida a ajiye cikin zafi yakan fara kauri da gudaji. Ka tambaye shi kuma mai kaki ne ko marar kaki, wanga tambaya tana da muhimmanci, za mu zo kanta. Sai bindigar feshi mai faɗin baki, milimita 2 zuwa 2.5, irin ta fentin mota mai 1.3 ko 1.4 ba za ta fitar da shi ba sai dai ta rinƙa tofi. Kwamfuresa mai babban tanki, da matatar ruwa a kan tiyo. Sanfefa lamba 80, sannan na ruwa 400, 600, 800, 1200, 1500. Giranda, tef, leda, kofunan roba masu awo, sirinji sabo na mil 10 ko 20, rariyar tace fenti, tsummoki masu tsabta na auduga.

Lissafin yawan jelkot ba wuya. Ka auna tsawon jirgi, ka auna faɗinsa da igiya daga wannan baki ka bi ta ƙasa zuwa wancan baki, ka ninka. Jirgi mai mita 5 da zagayen mita 2 ya ba ka murabba'in mita 10 kenan. Kowane murabba'in mita yana cin kusan giram 600, to kilo 6, amma iska na kwashe wani, wani na maƙalewa a kofi, ga gwaji, saboda haka ka sayi kilo 8 hankalinka kwance. Ba abin da ya kai jelkot ya ƙare maka a tsakiyar jirgi ciwo.

Sai maganar lafiyarka, kuma ba wasa nake ba. Hadinar nan in ta faɗa ido tana iya makantar da mutum, tabarau mai rufe gefe dole ne, kuma ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa, in tsautsayi ya faɗa a wanke idon minti 15 ba tsayawa a wuce asibiti. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare warin sitairin, ka nemi mai gwangwani biyu na gawayi. In an haɗo maka da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira kobal, kada ka kuskura ya haɗu da hadina kai tsaye, wuta yake tashi, ko ajiya ma kowanne da wurinsa. Ba sigari, ba murhun mai shayi kusa, janareta ma a ja shi can nesa.

To a fara. A cire inji da tankin mai da duk wani ƙarfe da zai ciru, a tara matasa a kife jirgin kan tayoyi ko benci, a ƙarƙashin rumfa. Ka wanke shi da omo da ruwa sosai, gansakuka da laka su fita. Bayan ya bushe ka bi shi da asiton kafin sanfefa ta taɓa shi, musamman baya wurin da inji ke zama, inda baƙin mai da fetur suka jiƙa. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe ka shafa, ɗaya busasshe ka kwashe nan take kafin ya sha iska, kana juya tsumman kana canzawa. In ka fara da sanfefa kan maiƙo to ka tura maiƙon cikin ramukan gugar kenan, gobe sai ka ga jelkot yana gudu daga wurin yana barin 'yan ramuka kamar idon kifi.

A nan ne kuma za ka gane ko an taɓa yi masa fenti. Ka ɗora tsumma mai asiton a wuri ɗaya ka rufe da leda minti biyu zuwa uku, in wurin ya yi laushi ko launi ya biyo tsumma to fenti ne, sai an cire shi duka har ka kai ga tsohon jelkot ko faiba. Akwai wani dattijo mai ɗaukar fasinja ranar kasuwa da ya taɓa kawo min nasa, na ce Kawu wanga jirgi akwai fenti bisansa, kwana biyu za mu ƙara na kankara, ya ce ɗana ka hau kai hakanan kasuwa nake so in kama. Na bi maganarsa don girmansa. Kafin la'asar gefen jirgin ya yamutse ya tattare kamar bayan kada, muka yi asarar kilo uku, muka koma kankarar da muka guda. Tun ranar ba na hawa kan fenti ko wa ya ce.

Guga da lamba 80 ita ce rabin aikin, kuma ita ce yara ke gudu. Ko'ina sai ya dushe, kada ka bar ko tafin hannu ɗaya mai sheƙi, har lungunan da inji ba ya shiga ka bi su da hannu. Jelkot ba ya narkewa ya haɗe da tsohon, cikin ƙarzunan sanfefa yake samun abin kamawa, shi ya sa in ka goge da mai laushi kamar 220 zai kwanta lafiya ka ji daɗi, bayan wata biyu ya fara tashi falle-falle. Kuma ba a so ka cinye tsohon jelkot duka in yana da lafiya, ka dai fasa masa fuska.

Yanzu raunukan za su bayyana. Tsaga siririya kamar gashi, ka buɗe ta da bakin giranda ta zama kwari, in ka fesa a kanta haka nan za ta sake fitowa ta cikin sabon. Rami mai zurfi ko inda faiba ta karye, ka fafe gefensa ya yi gangare mai faɗi, ka cika da mat da rezin falle bisa falle kana danne kumfar iska. Ƙananan ramuka kuma a cika da jelkot da aka kauraro ko fila mai zaren faiba. Fila ta fanabita wadda ake cike jikin mota da ita kada ta je ƙasan jirgi, tana shan ruwa. In wani ya taɓa yin faci da efoksi, irin gam ɗin nan mai tub biyu, ka cire shi, jelkot ba ya son zama kansa.

Ƙuraje su ne masu cin lokaci. In ka ga kumburi kamar borin jini a ƙasan jirgi, ka sa tabarau kafin ka huda don ruwan ciki na feshowa, kuma za ka ji warinsa mai tsami. Ka buɗe kowanne da giranda har ka kai faiba mai ƙarfi, ka wanke da ruwa mai tsabta, ka bari ya bushe, ka sake wankewa bayan kwana biyu, haka haka. Bushewar na iya ɗaukar sati biyu ko fiye, a nan hunturu ke taimakonmu don iskarsa na zuƙe danshi da sauri. Gwajin da nake yi, in manna farar leda kamar faɗin littafi a wurin, in rufe gefunanta huɗu da tef, in bar ta ta kwana. In da safe na ga gumi a cikin ledar to bai yi ba tukuna. Mai jirgi zai dame ka da waya, ka yi haƙuri da shi amma kada ka rufe danshi a ciki.

In an gama cike-cike a daidaita da lamba 80 kan katako mai tsawo, hannu zalla yana bin kwari da tudu ne. A hure ƙura, a sake bi da asiton, a rufe bakin jirgi da duk inda ba a so feshi ya taɓa da tef da leda. Daga nan kada kowa ya sake dafa jirgin da hannu, gumin tafi ma maiƙo ne.

Zaɓen rana da lokaci, wanga shi ne abin da takardar jikin gwangwani ba za ta faɗa maka ba, don ita lissafinta na wuri mai zafin digiri 25 ne, inda jelkot ke ba ka minti 15 zuwa 20 kafin ya kama. Mu nan a watan Maris da Afrilu zafi na haura 40, sai ka ga minti bakwai ya fara kauri a kofi. Saboda haka da safe ake feshi, bayan raɓa ta ɗauke, ka fara wajen bakwai da rabi ka gama kafin goma, kuma a inuwa, rana kada ta taɓa jikin jirgin ko kafin feshin. Da damina ka guji ranar da hadari ya haɗo ko aka kwana ana ruwa. Da hunturu matsalar ƙura ce, ka kewaye rumfar da tamfol ko leda ta gefen da iska ke fitowa, ka yayyafa ruwa a ƙasa tun da wuri ƙurar ta kwanta, amma kada ruwan ya fallatsa jikin jirgi. In sanyi ya yi yawa da asuba ka jira rana ta ɗan ɗaga, ƙasa da digiri 16 ba ya dahuwa da kyau. Ni nakan sa gwangwanin jelkot a rufe cikin baho mai ruwan randa tun dare, da safe yana da sanyi-sanyi, yana ƙara min mintoci.

Kafin ka haɗa komai ka buɗe ƙasan tankin kwamfuresa ruwan ciki ya tsiyaye. In ta mai faci ka aro to ka sani iskarta cike take da ruwa da baƙin mai, ba matata kada ka fara. Ka zuba asiton a bindiga ka gwada ta, ka tanadi wani asiton ɗin a kofi a buɗe kusa da kai na wanki.

Haɗi rabin lita rabin lita ake yi, kada ka yi kwaɗayin haɗa da yawa. Ka motsa babban gwangwanin sosai tukuna. Ka auna rabin lita, ka zuba sitairin mil 25, in har yanzu ya yi wa bindiga kauri ka ƙara amma kada ya wuce mil 50, wato kashi 10 cikin ɗari, in ya wuce haka launi na komawa rawaya kuma fatar ba ta ƙarfi. Tinar fentin mota ba ta shiga nan ko kaɗan. Wasu na tsinkawa da asiton, ni ban yarda da shi ba, yana barin 'yan ƙofofi kamar na allura. Ka tace da rariya. Hadina ita ce ta ƙarshe, kuma da sirinji, ba da murfin kwalba ko ƙiyasin ido ba. Ƙa'ida kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari, a rabin lita mil 7.5 zuwa 10 kenan. Da zafi ka tsaya kan 7.5, da sanyin hunturu ka je 10. Kada ka ce bari in rage sosai don in samu lokaci, in ka sauka ƙasa da mil 6 zai iya ƙin dahuwa har abada, ya zauna kamar cingam, in kuma ka zabga da yawa ya ƙone ya tsattsage. Ka motsa minti ɗaya cur kana kankaro gefe da gindin kofi, ka juye a bindiga.

Aikin mutum biyu ne. Kai kana feshi, yaronka na riƙe da waya yana duba minti, kuma ya auna kofi na gaba ya ajiye ba hadina sai ka ce masa zuba. Nakan ce wa nawa in minti shida ta cika ka yi min magana ko ina tsakiyar layi, shi kuma sai ka ji ya ce Oga shida ta yi.

Ka fara gwadawa kan kwali, ka daidaita iska da bakin bindiga har feshin ya buɗe kamar mafici ba tofi ba hayaƙi. Tsakanin bakin bindiga da jirgi santimita 30 zuwa 40, bindiga na kallon jikin jirgin kai tsaye, kafaɗa da ƙafa ke tafiya, ba wuyan hannu ke lilo ba. Kowane layi ya hau rabin na bayansa. Ka fara daga tsakiyar ƙasa, wato doron jirgin tunda a kife yake, ka gangaro gefe, don kada tiyo ko rigarka su shafi inda ka gama. Shafin farko siriri, ka ba shi 'yan mintoci ya sha iska, na biyu ka gicciye na farko, in wancan ka bi tsawo wannan ka bi faɗi, sannan na uku. Abin da ake nema duka duka kaurin rabin milimita ne zuwa 0.6, ka ɗauki katin ATM ka duba gefensa, kamar kashi biyu cikin uku na kaurinsa. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ake dangwalawa a ɗanyen jelkot ya nuna kauri, in ka samu ka saya, in babu to lissafin kilo zai nuna maka, jirgi mai murabba'in mita 10 ka ga kilo 3 kawai ka kashe to ka san bai ƙoshi ba. In ya yi siriri ba ya dahuwa sosai, shafi na gaba sai ya yamutsa shi, in kuma ya yi kauri fiye da kima yana zuba kamar hawaye daga baya ya tsage.

Tsakanin kowane kofi biyu ka watsa asiton cikin bindiga ka fesar a kwali. Da ka ji kofin ya fara ɗumi a hannunka ko feshin ya fara fita da gudaji, tsaya nan take, juye ragowar a gwangwanin banza, wanke bindiga. Na taɓa rasa bindiga sabuwa fil a watan Afrilu, janareta ya mutu muna ƙoƙarin tada shi, kafin mu waiwayo jelkot ya zama dutse tun daga kofi har bakin allura. Ragowar da ka juye kuma tana zafi har da hayaƙi, a ajiye ta fili kan ƙasa nesa da tsummokin asiton.

Yanzu maganar kaki. Jelkot in iska na taɓa fuskarsa ba ya gama bushewa, cikinsa zai yi ƙarfi amma samansa ya rinƙa danƙo, ka sa sanfefa ta toshe nan da nan. A masana'anta ba su da wannan damuwa don cikin mazubi suke fesa shi faiba ta rufe bayansa, mu kuwa a waje muke yi. Shi ya sa shafin ƙarshe kaɗai ake zuba wa ruwan kaki, kamar mil 15 a rabin lita, kafin hadina. Yana dahuwa kakin na tasowa sama ya tare iska. Shafin farko da na biyu ba kaki, in ka sa musu na gaba ba zai kama ba. In wanda aka sayar maka mai kaki ne tun daga gwangwani, to ka yi shafukanka duka a jere tun yana ɗanye, in ka bari ya daskare sai ka goge kakin da asiton ka sake bi da sanfefa kafin ƙari. Wata hanyar ita ce a fesa PVA, wani ruwa kore ko shuɗi, a kai bayan jelkot ya fara kamawa, washegari a wanke shi da ruwa.

Ka cire tef tun jelkot yana kamar roba bai zama dutse ba, bakin zai fita a miƙe. Ka kwance bindiga gaba ɗaya ka wanke. Sannan ka bar jirgin ya kwana, ka hana yara da awaki zuwa wurin.

Washegari ka danna farce a wurin da ba ya nunawa, in bai shiga ba ya dahu. Kada ranka ya ɓaci in ka ga fuskar da gurji-gurji kamar ɓawon lemo kuma ba sheƙi, haka jelkot ɗin feshi yake fitowa a hannun kowa, sheƙin a sanfefa yake. Ka goge kakin da asiton, ka ɗauki fensir ka yi zane-zane ko'ina a jiki, ka jiƙa lamba 400 a bokiti mai ɗan omo ka naɗa a katako ko roba mai laushi ka fara. Inda fensir ya rage kwari ne, da ya ɓace ka tsaya, kada ka ƙara ko sau ɗaya. Kusurwoyi da doron jirgi a bi su a hankali da hannu, nan ne ake hudawa a ga tsohon launi ya leƙo. Daga 400 sai 600, 800, 1200, 1500, kana wanke jikin tsakanin kowace lamba don tsakuwar ta baya kada ta yi maka zane. A ganina jirgin haya ko na kamun kifi, ƙasan da ke cikin ruwa in ka kai 800 ya isa, ƙarfinka ka kashe shi a gefunan da ido ke gani.

Sai kamfawun, man goge ƙarzunan sanfefa, da injin folish mai gashin tunkiya, a gudu marar yawa, kana tafiya da shi kada ya tsaya wuri ɗaya ya ƙona. Bayansa folish mai laushi, sannan kakin mota shafi biyu. A nan ne mai jirgi ke fara murmushi, in na gasar Rigata ne ma, bikin tseren jirage na Yawuri, har hoto za a yi ta ɗauka.

Kada a jefa shi ruwa ranar. Ka ba shi kwana biyar zuwa bakwai a inuwa ya gama ƙarfi, in da hali ka ƙara masa falle biyu na mat da rezin a doron ƙasa inda ke cin yashi tun kafin feshi, ko a ɗaura masa tsiri na roba bayan an gama. Ranar saukarwa a jera tayoyi ko gumagumai har bakin ruwa a ɗaga shi a kai, kuma ka gaya wa mai shi ya ajiye tsohuwar taya biyu a mashigin da yake tsayawa, ya rinƙa hawa kansu maimakon tsakuwa. Ragowar jelkot marar hadina ka zuba masa a ƙaramin gwangwani mai murfi ya kai ɗaki mai sanyi, duk sabon ƙarzunin da ya kai ga zare a ɗibi kaɗan a ɗiga hadina a toshe shi cikin satin.